Babi na Bakwai: Wa Ke Sa Ranar Biki?

Duk marubucin da ya zauna gina duniyar da babu ita, ya zana mata taswira, ya raɗa wa sarakunanta suna, ya ƙera mata kuɗi da makamai, ko ba jima ko ba daɗe sai ya iso ranar da mutanensa za su rataye takubba su yi biki. A nan ne aiki kan tona asirin mai shi. Yaƙi bai da wuyar rubutawa, domin kowa ya san abin da ake nema a fagen fama. Biki kuwa sai ka san abin da mutanen nan suke ci, da abin da suke tsoro, da wanda suke bi bashi da wanda ke bin su, kafin ka iya faɗin dalilin da ya tara su yau. A cikin labaran almara da matasanmu ke rubutawa yanzu, waɗanda ake karantawa a waya ko a saurara a YouTube, na sha cin karo da birni mai ganuwa da ƙofofi irin na Kano, sarki da dogarai da 'yan kwalkwali, amma da lokacin sanyi ya kama sai ga dusar ƙanƙara, ga fitilu rataye a bishiya, ga musayar kyaututtuka da tsakar dare. An ciro bikin daga fim, an dasa shi a ƙasar da ba ta san dalilinsa ba.

Dalilin yana can arewacin Turai. A Landan, a ƙarshen watan Disamba, hasken rana ba ya cika awa 8 a yini, alhali a watan Yuni yakan haura awa 16. Manomin can na zamanin da yana kallon rana tana ƙanƙancewa kullum, gona ta mutu, ciyawa ta ƙare. Dabbar da ba zai iya ciyarwa har sabuwar ciyawa ta tsiro ba sai ya yanka ta, a ci nama a ƙoshi kafin a shiga watannin tsuke ciki. Babbar wuta, da kyandir, da reshen itacen da ba ya zubar da ganye, duk amsa ce ga tambaya guda wadda ta dami mutumin can: shin ranar nan za ta dawo?

Gwanayen marubutansu sun san wannan, shi ya sa bukukuwan da suka ƙaga suke da nauyi. J.R.R. Tolkien, malamin tsohon Turanci a jami'ar Oxford, ya zauna ya tsara wa gajerun mutanensa na ƙasar Shire kalanda sukutum, ya sa ta a ratayen littafin The Lord of the Rings a 1955. Wata goma sha biyu, kowanne kwana 30, jimla 360. Sauran kwana biyar ɗin sai ya fitar da su daga cikin watanni gaba ɗaya: uku a tsakiyar lokacin ɗumi, biyu a tsakiyar sanyi, ɗaya ya rufe shekara ɗaya ya buɗe sabuwa. Waɗannan biyun su ne ranakun Yule, suna da ya aro daga tsohon bikin sanyi na mutanen arewacin Turai. Abin lura shi ne bikin ya fito daga lissafi. Akwai kwanakin da ba su da gida a cikin wata, jama'a suka mai da su na ci da sha.

Terry Pratchett ya fi shi shiga ciki. A littafinsa Hogfather na 1996 ya ƙagi wani dattijo mai raba wa yara kyauta a daren sanyi, kamar dai wanda Turawa suka saba da shi a Kirsimeti, sai dai keken wannan aladun daji ke jan sa. Yayin da labarin ke tafiya sai mai karatu ya gano cewa ƙarƙashin jar rigar da dariyar akwai tsohuwar al'adar zubar da jini a kan ƙanƙara don rana ta fito. Da aka yi hayar mai kisa ya kawar da dattijon, sai Mutuwa da kanta ta sa rigarsa ta shiga raba kyauta, don kada imanin yara ya yanke. Bikin shi ne ƙashin bayan littafin, in ka zare shi labarin ya zube. Kwatanta wannan da wani biki da aka ƙaga wa duniyar Star Wars a wani shirin talabijin na 1978, inda halittu masu gashi suka sa jajayen riguna suna riƙe da ƙwallayen haske. Ba wanda ya san abin da suke tsoro ko abin da suke godiya a kai. Har yau ana ambaton shirin ne in ana son misalin abin kunya.

To mu fa? Ɗauki garin Zuru, a kudu maso gabashin jihar Kebbi. Tsakanin yini mafi tsawo da mafi gajarta a can bambancin bai kai awa ɗaya da rabi ba. Ba wanda ya taɓa kwana da fargabar rana ba za ta fito ba. Abin da hunturu ke kawowa shi ne iska busasshiya daga hamada, ƙurar da mafi yawanta ke tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, hazo mai mai da rana kamar faifai, sanyin asuba, leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso, mata su nemi man kaɗe. Kuma, wannan shi ne babban abin da mai kwaikwayon Turai ke mantawa, hunturu lokacin ƙoshi ne. An yanke dawa, an ɗaure damuna, rumbu ya cika har wuya. Yunwarmu tana zuwa ne da damina ta yi nisa, lokacin marka, sa'ad da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba, gona kore shar amma tukunya ba komai. Wato kalandar cikinmu kishiyar ta Bature ce. Shi yana biki ne a bakin ƙofar wahala, mu muna yi ne bayan mun fito daga cikinta.

Mutanen ƙasar Zuru, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, su kuma suke kiran kansu Lelna, harshensu C'lela, suna da bikin da ya dace da wannan yanayi, wato Uhola. A al'adance bayan girbi ake yin sa, cikin sanyi, wajen Disamba zuwa Janairu, kuma kowane gari da nasa lokacin. Ana godiya ga Ubangiji da ya kawo ruwa ya raba mutane da annoba, a yi kaɗe-kaɗe da raye-raye, samari su yi kokawa, a dafa abinci, masu shan giyar dawa su dama tasu, dangi na nesa su zo. In da a nan abin ya tsaya da ba sai na kawo shi cikin wannan littafi ba, domin bikin kaka kowace ƙabila tana da nata, Hausawa ma suna da kalankuwa. Abin da ya sa Uhola ya zama makaranta ga marubuci shi ne golmo.

Golmo aikin gona ne da saurayi ke yi wa iyayen yarinyar da zai aura, damina bakwai. Ba shi kaɗai yake yi ba. Samari sukan haɗu ƙungiya, da shugabansu, yau su faɗa gonar surukin wannan, gobe ta surukin wancan, daga safe har rana ta yi sanyi, kuma abin kunya ne a ga gazawarka. Wannan ne sadakinsa, da guminsa yake biya. Uban yarinya yana da shekara bakwai na kallon wanda zai ba 'yarsa: ya ga ƙarfinsa, ya ga haƙurinsa, ya ga yadda yake zama da abokai, ya ga ko mai tashi da wuri ne. Mutanen Zuru da kansu sukan danganta sunan da suka yi a aikin soja da wannan horo. Tun zamanin Turawa ake ɗibar soja a ƙasar, kuma daga nan aka sami irin su Laftanar Janar Ishaya Bamaiyi, wanda ya shugabanci rundunar sojan ƙasa daga 1996 zuwa 1999, da Manjo Janar Muhammadu Sani Sami, gwamnan soja na jihar Bauchi a 1984 zuwa 1985, wanda daga baya ya zama Sarkin Zuru.

A lokacin Uhola ne ake yaye waɗanda suka cika golmonsu, 'yan matan da suka isa aure kuma su fito cikin ado a gan su. Yanzu dubi filin bikin da idon marubuci. Ga saurayin da ya gama shekara ta bakwai, yau ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa. Ga na shekara ta uku, yana kallo yana ƙirga abin da ya rage masa. Ga wanda ya yi shida, yarinyar kuma zuciyarta ta koma wani wuri, wa zai biya shi damina shida? Ga uban da ya saba samun hannaye ashirin a gonarsa, daga bana sai ya nemi wata dabara. Ga yaro ɗan shekara goma sha biyu da ke kallon kokawa, ya san nasa na tafe. Kowa a filin nan ranar ta canza masa wani abu, ko ta matso da shi kusa da wani abu. Ba ka bukatar ka ƙirƙiro rikici ka cusa, al'adar da kanta ta tara maka mutane masu buri daban-daban a fili ɗaya, a rana ɗaya, gaban shaidu. Bikin da aka ƙaga a littafi ya kamata ya yi irin wannan aiki: a kulle wani abu ko a kwance shi, wanda ba zai kullu ko ya kwantu a wata rana ba.

Sai batun da na sa a kan babin nan. Biki ba ya zuwa da kansa kamar ruwan sama, wani ne ke cewa ranar kaza za a yi. A garuruwan ƙasar Zuru na da, dattawa da masu kula da wuraren tsafi ne ke da wannan magana, kuma duk wanda ke riƙe da ranar yana riƙe da auren samari da hutun manoma. Ban san wanda ya fahimci ƙarfin wannan kujera kamar Chinua Achebe ba. A littafinsa Arrow of God na 1964 ya ƙagi ƙasar Umuaro mai ƙauyuka shida, da babban limamin gunkinsu, Ezeulu, wanda ke cin doya mai tsarki guda ɗaya duk tsayuwar wata, in ta rage saura ɗaya ya sanar da bikin sabuwar doya. Turawan mulki suka tsare shi, wata ya tsaya ba ya gida, doyar ta yi saura. Da ya dawo ya ƙi sa ranar biki sai ya cinye su a kan ƙa'ida. Amfanin gona ya zauna a ƙasa, yunwa ta shigo, coci kuma ya ce duk wanda ya kawo doyarsa gare shi zai iya girbi ba abin da zai same shi. Mulkin gunki ya faɗi a kan maganar kalanda. Doya ba dawa ba ce, kurmin Ibo kuma ba Zuru ba ne, amma tambayar ɗaya ce, kuma marubuci Bahaushe yana da abin da zai ƙara mata.

Abin da zai ƙara shi ne mu kalanda biyu muke rayuwa da su, ko ma uku. Shekarar wata kwana 354 ce, tana gaza ta rana da kimanin kwana 11, saboda haka Sallah da Azumi da Takutaha da wasan Gani suna zagaya yanayi, sai bayan shekara 33 ko kusa da haka su dawo inda suka taso. Babbar Sallah ta ƙarshen Disamban 2006 cikin sanyi aka yi ta, ta 2023 kuwa a ƙarshen Yuni, ana tsakiyar noma. Bukukuwan gona, irin su Uhola da kalankuwa da buɗar dawa ta Arnan ƙasar Hausa, ba sa motsi daga yanayinsu, domin dawa ba ta san watan Rajab ba. Ga kuma kalandar gwamnati, mai albashi da hutun makaranta da Kirsimeti, wadda a gari irin Zuru, inda Musulmi da Kirista da masu addinin gargajiya kan fito daga gida ɗaya, tana da nata nauyin. Marubucin da ya ba duniyarsa kalanda biyu ya samu rijiyar labari: shekarar da bikin ƙoshi ya faɗo cikin watan kame baki, wa zai janye wa wani?

Kada kuma wani ya ɗauka ƙagen biki aikin marubuta ne kaɗai. Sarakuna da gwamnatoci sun riga su. A jihar Kebbin nan, bikin kamun kifi na Argungu a siffar da duniya ta san shi ya fara ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, ziyarar da ta rufe tsohuwar gaba tsakanin Kabawa da Sakkwato. Kamun kifi da al'adun ruwa sun girmi wannan shekara nesa ba kusa ba, amma haɗa su a rana ɗaya don tarbar baƙo shawara ce da wasu mutane suka yanke. A 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya. A Nijar, gwamnatin Seyni Kountché ta ɗauki kokawar da ƙauyuka ke yi bayan girbi ta mai da ita gasar ƙasa a 1975, aka fara a Tawa, zakara ya karɓi takobi. A Amurka, Maulana Karenga ya zauna a 1966 ya tsara wa baƙaƙen fata bikin Kwanzaa, kwana bakwai daga 26 ga Disamba zuwa 1 ga Janairu, yana mai cewa daga bukukuwan sabon amfanin gona na Afirka ya samo shi. Akwai ma wanda ya shahara ta wasan barkwanci na talabijin, Festivus, wanda shirin Seinfeld ya yaɗa a 1997: a kafa sandar ƙarfe maimakon bishiya, kowa ya faɗa wa 'yan gida laifin da suka yi masa a shekara, a ƙare da kokawa da maigida. Yau akwai masu yin sa da gaske ranar 23 ga Disamba. Ina zaton abin da ya raya shi shi ne wancan zaman na amayar da ƙorafi, domin aiki ne da kowane gida ke bukata.

Uhola ma ya bi wannan hanya. Ban da na garuruwa, yanzu akwai babban Uhola na masarauta, wanda ke tara ƙasashen Dabai da Danko da Fakai da Sakaba da Wasagu a garin Zuru, haɗe da nunin amfanin gona, da rumfar manyan baƙi, da jawabin gwamna. Kwamiti ke sa ranarsa, wani lokaci har sai hunturu ya wuce an shiga zafi. Golmo kansa ya ja baya a gidaje da yawa, makaranta da albashi da masallaci da coci sun kawo wasu hanyoyin aure. Ga kuma ta'asar 'yan bindiga a yankunan Danko-Wasagu da Sakaba, wadda ta raba ƙauyuka da gonakinsu, kuma wanda bai yi girbi ba me zai yi wa godiya a fili? Ba na cikin masu cewa na masarauta jabu ne. Shi ma biki ne, aikinsa dai ya sauya: yana gaya wa Birnin Kebbi da Abuja cewa ga mu nan, muna da yawa, muna da tarihi, a gyara mana hanya. Amma marubuci ya lura da wannan tsagin. A kowane biki mai rai akwai tsohon da ke gefe yana cewa ba haka ake yi ba a zamaninsu, akwai malamin da ke wa'azin a daina, akwai mai sayar da tsire da bai damu da ko ɗaya ba. In duk mutanen garinka na ƙage sun yarda da bikinsu baki ɗaya, ba mutane ka rubuta ba.

Wata 'yar gargaɗi kafin mu gwada hannu. Uhola na masu shi ne, suna raye, suna karatu. Kada ka kwashe shi ɗungurungum ka canza masa suna ka ce ka yi ƙirƙira, balle ka mai da wuraren tsafinsu fagen dodanni. Tambayoyin da ya amsa su za ka ɗauka, ka sa wa ƙasarka ta amsa da bakinta.

Bari mu gwada. A ce garinka yana gindin dutse, rufin gidajensa na ciyawa ne. Me hunturu ke kawo wa irin wannan gari wanda ya fi sanyi ban tsoro? Gobara. Iska na kaɗawa, komai ya bushe, kowa ya kwana da garwashi a ɗaki, rumbuna cike. Tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye noman shekara. To, a ce a daren da sanyi ya fi tsanani ana kashe kowace wuta a garin, murhu da fitila da maƙera, a kwana cikin duhu ana rawar ɗari. Da asuba Sarkin Maƙera ya ƙyasta sabuwa a kan dutse, kowane gida ya aiko yaro da kasko ya ɗiba. Sai ka sa sharaɗi: ba a ba gidan da ake bi bashin hatsi garwashi sai ya biya, ko mai bashin ya yafe a gaban jama'a. Nan take ka sami dalilin da ya sa mawadata ke son bikin, matalauta ke fargabarsa, maƙera ke da girman da sarki ke jin haushi. Ka sami abincin ranar, domin daren da ba wuta sai fura da ƙuli-ƙuli da abin da aka dafa tun jiya. Ka sami wasan yara, tseren kai garwashi gida kafin ya mutu. Ka sami laifi mafi muni a garin, wato ɓoye wuta. Yanzu sa wata bazawara mai jariri marar lafiya, wadda mijinta ya mutu da bashin dami goma a wuyansa, ta tura ɗan garwashi cikin tukunya ta rufe da toka. Maƙwabciyarta, matar mai bin bashin, ta fito tsakar gida cikin dare ta ji ƙaurin hayaƙi ta kan katanga.